Waƙa Ta Koma Aljihu: Abin da Memori Ke Riƙe wa Mutanen Furfuri

Duk wanda ya zauna a rumfar mai cajin waya a Furfuri bayan La'asar zai lura cewa ba caji kaɗai ke tara mutane ba. Wayoyi na jere a kan katako, kowace da 'yar takardar lamba a manne, janareto na ƙugi a bayan rumfa. Can gefe kuma yaro ne da tsohuwar kwamfuta a cinya, aikinsa tura waƙa. Matashi zai zare memori ya miƙa ya ce a zuba masa sababbi. Dattijo ba ya zare komai, wayar yake miƙawa ɗungurungum, yana cewa, "Ɗana, sa mini Ɗanƙwairo, amma waccan ta Tsahe nika so." Yaron zai ce, "Baba, ai duk suna ciki." Dattijon dai ba zai tafi ba sai an kunna ya ji da kunnensa. Da kotso ya tashi sai ka ga ya yi shiru, ya sunkuyar da kai, kamar wanda aka ambaci mahaifinsa.

Wannan shirun shi ne abin nazari. Raba waƙa tsakanin mutane ya yi sauƙin da bai taɓa yi ba, a daidai lokacin da haɗuwa don a saurare ta tare ya yi wuyar da bai taɓa yi ba. Abubuwan biyu tare suka taso a ƙasar Zamfara, kuma kowanne yana ciyar da ɗan'uwansa.

Ƙasar nan ba baƙuwar kiɗa ba ce. Rawayya, wadda ke cikin ƙaramar hukumar Bunguɗu kamar Furfuri, ita ta haifi Salihu Jankiɗi, wanda ya zama Sarkin Taushin Sarkin Musulmi. Musa Ɗanƙwairo na Maradun ya yi wa Sardauna waƙa, ya yi wa 'Yandoton Tsafe, har ya rasu a 1991. Ga Sa'idu Faru, ga Kassu Zurmi na 'yan tauri da mafarauta, ga Sani Sabulu na Kanoma. A zamaninsu waƙa tana da wuri da rana. Mutum ya ji ta ne ranar hawan salla a ƙofar fada, ko ranar naɗin wani hakimi, ko wurin gayya, ko daren bikin ƙanwarsa. Idan ya tuna waƙar, ƙurar filin yake tunawa da rigar da ya sa da wanda ya tsaya kusa da shi. Ko da rediyo ta zo ba ta rushe wannan ba. Mai aika kati zuwa Zaɓi Sonka na Rediyon Kaduna yakan jira makonni kafin a karanta sunansa da jerin waɗanda ya gaishe, ranar da aka karanta kuwa duk majalisa ta ji. Kaset ma aronsa ake yi, a dawo da shi da zare a tauye, a sa biro a naɗe.

Dalilin farko na sauyin kowa ya san shi: wayar salula, wadda ta shigo Nijeriya a 2001, daga baya ta ƙaraso ƙauye da rahusa. Ƙaramar waya mai madannai ma tana cin memori. Bluetooth ya zo, Xender ya bi bayansa, aboki ya tura wa aboki waƙa ɗari suna zaune kan benci ba tare da an ƙona data ko ta sisi ba. Wannan ba ya buƙatar dogon bayani.

Dalili na biyu ne ba a cika faɗa ba. Kiɗan fili ya ja da baya a Zamfara sau biyu cikin shekara ashirin. Na farko bayan da gwamnatin Ahmad Sani Yariman Bakura ta fara aiki da Shari'a a watan Janairun 2000, lokacin da rawar da ke cakuɗa maza da mata ta shiga idon hukuma da na malamai, makaɗan biki da yawa suka rage fita ko suka sauya salo. Na biyu ya fi tsanani, domin ba doka ba ce, tsoro ne. Tun da ta'addancin 'yan bindiga ya bazu a dazukan jihar, biki ya koma na rana tsaka, a ɗaura aure a watse kafin Magariba. Dandalin 'yan mata na farin wata ya mutu a ƙauyuka da dama. Makaɗin da a da yake bin kasuwanni daga Tsafe zuwa Maru yanzu sai ya yi lissafin hanya kafin ya ɗauki ganga. Son waƙa bai ragu ba ko kaɗan, wurin jin ta ne ya ƙuntata, sai ta lallaɓa ta shige aljihu.

An ga ƙarfin wannan a watan Satumban 2021, lokacin da aka katse layukan sadarwa a faɗin jihar bisa buƙatar gwamnatin Bello Matawalle, aka kuma rufe kasuwannin mako. Gusau ta samu layi bayan kusan wata guda, sauran wurare suka daɗe fiye da haka. Ba kira, ba WhatsApp, ba Facebook. Amma memori ba ruwansa da sabis. Wayar da ba ta iya kiran ɗan'uwa a Funtuwa ta ci gaba da rera Shata da Nura M. Inuwa, Xender kuma ya ci gaba da aiki tsakanin waya da waya. Wanda ya zauna a yankin a waɗannan makonni yana da waƙar da, in ya ji ta yau, ba abin da take tuna masa sai lokacin da gari ya yi tsit.

To me wannan ya haifar? Abu na farko, waƙa ta zama ɗan aike. Yarinyar da ba za ta iya faɗa wa kowa cewa an ɓata mata rai ba sai ta ɗora daƙiƙa talatin na Umar M. Shareef a sitatus, wanda aka yi domin shi ya gane, sauran jama'a su yi kamar ba su gane ba. Habaicin da mata kan yi a bakin turmi ne ya samu sabon gida. Lokacin da "Jaruma" ta Hamisu Breaker ta fito a 2020, ana cikin kullen korona, ba a filin biki ta yi suna ba, daga waya zuwa waya ta bi, har ta shiga ɗakunan matan aure da ba sa fita. Haka "Warr" ta Ado Gwanja ta yi a 2022 ta hanyar TikTok. Yaran da suka yi samartaka a waɗannan shekaru za su tuna su kamar yadda iyayensu ke tuna waƙar fim ɗin Sangaya.

Abu na biyu shi ya fi ba ni mamaki. Da an yi zaton waya za ta binne makaɗan fada, sai ga shi ta tono su. Faifan da a da sai a ɗakin ajiyar gidan rediyo, ko a hannun masu bincike irin su Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau, yanzu yana wayar ɗan acaɓa. Yaron da aka haifa bayan rasuwar Shata a 1999 yana iya jan amshinsa tiryan-tiryan. Sai dai tonon yana da aibi. A kwamfutar mai tura waƙa za ka ga an rubuta Narambaɗa a kan waƙar Ɗanƙwairo, ko an datse waƙar minti ashirin an bar biyar. A sitatus kuma baiti ɗaya ake yankowa, mai zafi, a jefi abokin hamayya da shi, alhali wanda ya ɗora bai san sarkin da aka yi wa waƙar ba, balle ɗan sarkin da aka yi wa zambon. Waƙar fada kundin tarihi ce, tana ɗauke da sunayen iyaye da kakanni da garuruwa. In aka yanke ta sai zaƙin ya tsira, labarin ya zube.

Mawaƙi kuma ba kasafai yake ganin ko kwabo daga wannan zirga-zirga ba. Kasuwar kaset da faifai ta mutu, mai tura waƙa ne ke karɓar 'yan canjinsa. Shi ya sa mawaƙan zamani da yawa suka karkata ga waƙar siyasa da ta amare, inda ake biya kafin a shiga situdiyo. Hanyar da ba ta da mai gadi kuma komai na bin ta. A ƙarshen 2021 waƙar yabon ɗan bindiga Bello Turji ta bi irin wannan hanya ta shiga wayoyi, abin da babu gidan rediyon da zai saka.

Akwai wani sauyin da ba ya ƙirguwa. Gida ɗaya, mutum shida, kowa da abin jinsa a kunne. Uwa na jin begen Annabi, ɗa na jin Hausa hip-hop, uba na jin Sani Sabulu. A da in aka kunna rediyo a zaure, yaro ko yana so ko ba ya so zai ji Jankiɗi, kuma wani dattijo zai ce masa, "Wanga da kaka ji, ɗan Rawayya na." Ta haka tarihi ke sauka daga baki zuwa kunne. Yanzu kowa na tara tunaninsa shi kaɗai. Ban ce na da ya fi daɗi ba, domin a da yarinya ba ta da zaɓi sai abin da maigida ya kunna. Amma abin da mutum ɗaya kawai ya sani yana saurin ɓata.

Ni kaina na ɗanɗana. Ina da memori da na tara waƙoƙin Barmani Choge saboda mahaifiyata, wadda takan yi wanki tana bin amshi, tana buga bakin roba kamar ƙwarya. Wata rana na kai shi a ƙara mini waƙa, aka ce ƙwayar cuta ta kama shi, sai an wanke. Waƙoƙin duk na sake samu cikin minti goma. Abin da ban samu ba shi ne wani ɗan naɗi da na yi a ɓoye, inda muryarta ke bin ta Barmani, ga kukan akuya a baya.

Waɗanda suka fi kowa riƙon memori su ne waɗanda suka baro ƙauyukansu suka dawo Gusau da garuruwan gefenta irin su Furfuri. A wayar wasunsu akwai bidiyon bikin da aka yi a garin da yanzu ba kowa a cikinsa, da muryar makaɗin kalangun da bai taɓa shiga situdiyo ba, wanda babu sunansa a YouTube ko Audiomack. Irin wannan mutum in ya zo rumfar caji ba ya barin memori a cikin waya. Yakan zare shi, ya naɗe a 'yar leda, ya tura cikin aljihun gaba, sannan ya miƙa wayar a ba shi lamba.