'Yar Ƙofar da ke Ƙarƙashin Amiga 500

Mai riƙe da wayar zamani zai yi dariya in ya ji cewa Amiga 500, kwamfutar gida da kamfanin Commodore ya fitar a 1987, memorinta kilobayit 512 ne kacal. Amma ta yi tashe a Ingila da Jamus, kuma har yau akwai masu lallaɓa ta a ɗaka. Ina cikinsu.

Maƙeranta sun san wannan memori ba zai isa ba, shi ya sa suka bar hanya. In ka kife ta, za ka ga 'yar ƙofa ta roba. Ba ruwanka da sukundireba. Zare wayar wuta, taɓa ƙarfe domin lantarkin jikinka ya zube, ɓalle murfin, sannan ka tura katin ƙarin memori mai suna A501 a kwance har ramukansa su haɗiye jerin alluran da ke ciki. Nan ake son haƙuri, domin in allura ɗaya ta lanƙwashe, aiki ya dawo ɗanye. In katin ya zauna daram, memori ya zama megabayit 1, kuma wasanni irin su Dungeon Master, da a da suke ƙin tashi, sai su buɗe.

Sai dai kar a yi tsammanin ƙarin gudu. Guntun da ake kira Agnus, mai kai wa sashen hoto da na sauti bayanai, tsohon samfurinsa ba ya ganin abin da ya wuce kilobayit 512 na farko. Manhajoji ne kawai ke morar ƙarin, kuma ta hanya ɗaya suke bi da Agnus, suna jiran layi. Wuri ka samu, ba sauri ba.

Inda na fi damuwa shi ne batir. Katin na ɗauke da agogo, da ɗan batir mai siffar ganga a ɓoye cikin murfin gwangwani da aka liƙe da dalma. Bayan shekara talatin da ɗoriya, yawancinsu sun yi yoyo, ruwan ya cinye layukan tagulla ya bar kore-kore. Ni ba na kunna tsohon kati sai na buɗe murfin, na datse batirin, na goge wurin da ruwan khal, na bi da sifirit. Agogon zai riƙa mance lokaci, amma memorin bai damu ba.

In tsatsar ta yi nisa, kar ka wahalar da kanka. Ana ƙera sababbin katuna masu shiga wannan ƙofa, da batir irin na kwabo wanda ake sauyawa da hannu.