Rumfa a Intanet: Yadda Ake Kama Ta da Yadda Ake Riƙe Ta

Jama'ar Gulma da kewaye, Allah ya hore mana fadama da gulbi. Muna noma shinkafa, muna kama kifi. Amma mai saye na Kano ko Legas bai san ƙofar gidanmu ba. Wayarsa yake dubawa ya nemi kaya. Shi ya sa ƙungiyar manoma ko ƙaramin ɗan kasuwa zai iya buɗe shafi a intanet.

Shafin nan kamar rumfa yake a kasuwar Argungu. Abu biyu yake bukata: suna da masauki.

Suna shi ne adireshin da mai saye zai rubuta ya same ka. Masana suna ce masa domen. Na ƙasarmu yana ƙarewa da .ng, kamar .com.ng. Ƙungiyar NiRA, wadda aka kafa a 2005, ita ke kula da waɗannan sunaye. Kamfanonin da ta amince da su ne suke yi wa mutane rajista. Mutum biyu ba su riƙe suna ɗaya. Wanda ya riga, shi ya samu.

Masauki kuwa wuri ne a cikin wata babbar kwamfuta da ke aiki dare da rana. A can ake ajiye hotunan kayanka da farashi da lambar wayarka. Kamfani ne ke da ita. Shi ake kira hostin.

To, a lura da kyau. Duka biyun haya ne. Ba a sayen su a mallaka kamar gona. Ana biyan kuɗin suna shekara-shekara. Na masauki, wata-wata ko shekara-shekara. In wa'adi ya cika ba ka biya ba, shafin zai daina buɗuwa. Ana ɗaga ƙafa na ɗan lokaci. Bayan nan sai a saki sunan, kowa na iya ɗauka. In macuci ya ɗauka, zai iya karɓar kuɗin masu sayenka da sunanka.

Ga abin da za ku kiyaye:

1. In wani yaro zai buɗe maku, a yi rajistar da sunanku da lambar wayarku. In ya sa nasa, ranar da kuka ɓata ko ya yi ƙaura, rumfa ta bi shi.

2. Kalmar sirri ita ce makulli. In ƙungiya ce, shugaba da magatakarda su riƙe ta. Kada a faɗa wa wanda ya bugo waya yana nema.

3. A rubuta ranar sabunta haya a littafin ƙungiya. A ware kuɗin tun da kaka, lokacin da hannu ke da nauyi.

4. A adana rasit, a kuma ajiye hotuna da rubutun shafin a wani wuri daban.

5. In farashin buhu ya canza, a gyara. Tsohon farashi yana jawo gardama.

Wanda ƙarfinsa bai kai ba, ya fara da WhatsApp Business ko Facebook. Buɗe su kyauta ne, sai kuɗin data. Amma ya sani zaman aro yake yi, mai gida na iya rufe ƙofa.

Jama'a, rigakafi ya fi magani. Wanda ke da shafi ya duba ranar biyansa yau.