Yadda Ake Neman Rangwame da Turanci

'Yan'uwa manoma, in ƙungiyarku za ta sayi taki da yawa a kamfani, kada ku ji kunyar neman rangwame. Sakatare ya rubuta haka:

"Can you give us a discount on 50 bags?" Wato, ko za ku yi mana rangwame a kan buhu 50?

Ana sa "on" kafin sunan kaya, "of" kuma kafin yawan ragin: "a discount of 10%", ragin kashi 10 cikin 100.

Ku lura da amsarsu. "Reduced by ₦5,000" na nufin an rage naira 5,000. "Reduced to ₦45,000" kuwa, abin da za ku biya ke nan. Kada a sa hannu sai an gane.