Auna Watsuwar Ƙwayoyi da Haske Bisa Kusurwa: Bayani da Kalmomin Koyarwa

1.0 Gabatarwa

Kontagora gari ne na horar da malamai, domin a nan Kwalejin Ilimi ta Tarayya take, wadda aka ɗaga matsayinta zuwa jami'ar ilimi. Malaman da ake yayewa suna koyarwa a yankin da Hausa ce harshen mu'amala tsakanin Hausawa da Kambari da Dukkawa da sauran al'ummomi. Manufar Ilimi ta Ƙasa ta 1977 ta tanadi fara karatu da harshen uwa, an faɗaɗa tanadin a 2022, sannan Gwamnatin Tarayya ta sanar da janye shi a 2025. Duk da haka, idan darasi ya cije, malami kan koma ga Hausa don ya warware shi. A wannan maƙala za mu ɗauki darasi guda daga fiziks da kemistiri, wato auna yadda ƙwayoyi da haske suke watsuwa bisa kusurwa, mu bayyana shi, sannan mu duba kalmomin da suka dace da koyar da shi.

2.0 Ma'anar Awon

Abin da ido ba ya iya gani ana iya gane siffarsa ta hanyar harba masa wani abu, a lura da inda abin ya nufa bayan karon. Kayan aikin huɗu ne: mafitar ƙwayoyi ko haske, da abin da ake bincike, da na'urar ƙirga, da ma'aunin kusurwa. Ana kewaya na'urar ƙirgar daki-daki, a kowace kusurwa a rubuta adadin da ya iso cikin lokaci ƙayyadadde. Jadawalin da ya samu shi ne watsuwa bisa kusurwa.

Sharuɗɗa biyu ne suke tabbatar da ingancin awon. Na farko, tazarar na'urar da faɗin bakinta su kasance ɗaya a kowace kusurwa, domin idan aka ninka tazara sau 2, abin da ke isowa yakan koma kashi 1 cikin 4. Na biyu, a ƙirga da yawa. Wanda ya ƙirga ƙwaya 100 yana tare da kuskuren kimanin kashi 10 cikin 100, wanda kuwa ya ƙirga 10,000 kuskurensa kimanin kashi 1 cikin 100 ne.

3.0 Gwajin Geiger da Marsden

A 1909, a Jami'ar Manchester ta Ingila, Hans Geiger da Ernest Marsden suka harba ƙwayoyin alfa ga siraran fallayen ƙarfe, ƙarƙashin jagorancin Ernest Rutherford. Kowace ƙwaya takan haifar da ɗan walƙiya idan ta faɗa kan wani allo na musamman, su kuma suna ƙirgawa da madubin ƙara girma a cikin ɗaki mai duhu. Akasarin ƙwayoyin sun wuce kai tsaye, amma kimanin 1 cikin 8,000 ta juyo baya. A 1911 Rutherford ya bayyana dalili: kusan dukkan nauyin atam yana dunƙule ne a wata 'yar cibiya, sauran jikinsa kuwa kusan fili ne. Lissafinsa ya fayyace adadin da ya kamata a samu a kowace kusurwa. Misali, abin da za a ƙirga a digiri 60 zai ninka na digiri 120 sau 9. A 1913 Geiger da Marsden suka auna daga digiri 5 zuwa 150, sakamakon ya dace da lissafin. Ke nan babu wanda ya ga cibiyar atam da ido, jadawalin kusurwa ne ya tona asirinta.

4.0 Amfaninsa a Kemistiri da Ma'adinai

A shekarar 1913 ɗin dai, William Henry Bragg da ɗansa Lawrence suka nuna cewa hasken eksire da ya faɗa kan ma'adini yana fitowa da ƙarfi a wasu kusurwoyi kaɗai, kuma tazarar da ke tsakanin sahun atam ita ce ke ƙayyade su. Aikin ya ba su lambar yabo ta Nobel a 1915. Saboda haka kowane ma'adini yana da nasa kusurwoyin, tamkar zanen yatsa. Idan aka yi amfani da eksiren da ake samu daga jan ƙarfe, ma'adinin da ya fi yawa a cikin yashi yakan bayyana a digiri 26.6, farar ƙasa a wajen 12.4, talk kuma, irin wanda ake samu a Kagara ta Jihar Neja, a wajen 9.4. Da wannan hanya masana ƙasa ke tantance abin da aka haƙo. Har wa yau, a 1986 Dudley Herschbach da Yuan Lee suna cikin waɗanda suka sami Nobel a kemistiri, saboda sun haɗa ƙwayoyin sinadarai karo, suka auna kusurwoyin da sababbin ƙwayoyi suke fita. A gida kuwa, Cibiyar Bincike da Horarwa kan Makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya, tana da ƙaramar tukunyar nukiliya ta bincike da ta fara aiki a 2004. Ɗalibin da zai kai can wata rana daga aji irin na Kontagora zai fito.

5.0 Matsalar Kalmomi

Mun lura da wurare uku da malami zai iya tuntuɓe. Na farko, “kusurwa” da “kwana”. A maganar yau da kullum kusurwa lungun ɗaki ce, wato wuri, alhali a nan ana nufin gwargwadon karkata. “Kwana” kuwa, da yake rubutun boko ba ya nuna karin sauti da tsawon wasali, tana rikicewa da kwanan wata. Mun zaɓi “kusurwa”, bisa sharaɗin a riƙa haɗa ta da digiri tun daga darasin farko.

Na biyu, “rabo” da “watsuwa”. Rabo yana ɗauke da ma'anar kaso da sa'a da rabuwa, yana kuma nuna akwai mai rabawa. Watsuwa ta fi dacewa, domin ɗalibi ya san watsuwar iri da ta ruwa.

Na uku, “zarra” da “atam”. Ɗalibi ya san ƙwayar zarra a matsayin iyakar ƙanƙanta, darasin kuwa yana koyar da cewa abin yana da ciki da cibiya. Don haka mun fifita “atam”.

6.0 Ayyukan Aji

Ba a buƙatar sinadari mai haɗari. A kife faifai a kan wasu 'yan duwatsu, a ɓoye gwangwani a ƙarƙashinsa, a zana da'ira a ƙasa, a raba ta gida-gida na digiri 30. Ɗalibai su gangaro da 'yan ƙwallayen boris na keke sau 100, su ƙirga inda kowanne ya fito, sannan a sauya gwangwanin da guntun katako mai gefe huɗu su kwatanta jadawalin biyu.

Aiki na biyu na rana ne. Kontagora tana kimanin digiri 10 arewa da layin da ya raba duniya biyu. A 21 ga Disamba, da tsakar rana, rana takan karkata kudu da kimanin digiri 34, a 21 ga Yuni kuma arewa da kimanin digiri 13. Da sanda da inuwarta ɗalibai za su auna wannan, su kuma gane dalilin da ya sa ake ɗan karkata farantin sola zuwa kudu.

7.0 Kammalawa

Muna ba da shawarar a sanya kalmomin “kusurwa” da “watsuwa” da “atam” da “cibiya” a cikin jagoran malami, a kuma gwada su a ajujuwan horar da malamai na Kontagora kafin a tabbatar da su. Ya kamata malamin Hausa da na lissafi da na kimiyya su zauna tare a kan wannan aiki, domin kalmar da aka ƙirƙira ba tare da mai fannin ba takan kauce wa ma'ana, wadda kuma aka ƙirƙira ba tare da mai harshen ba takan gagari bakin ɗalibi.