GONA TANA HUTAWA, KAI MA SHI HUTA



A makarantarmu ta yaƙi da jahilci akwai wani magidanci mai ƙoƙari ƙwarai. Bana sai ya kama gyangyaɗi cikin aji. Gida kuma, abu kaɗan sai hushi. Na tambaye shi ko ba shi da lahiya. Ya ce jiki lau, amma ba shi samun kwana. Da dare shina kwance da salula, shina sauraren muryoyin WhatsApp, shina kallon TikTok har carar zakara. In ya ga hotunan ƴan ci-rani da sababbin babura, sai shi raina gonarshi. In ya ga bidiyon kashe-kashe, sai tsoro shi kwana da shi.

Jama'a, wannan ma ciwo ne, ko da babu zazzaɓi. Ciwon zuciya ne da na tunani.

Mi ke kawo shi? Masu Facebook da TikTok da talla suke samun kuɗi. In ka daɗe kana kallo, ribarsu ta ƙaru. Shi ya sa in bidiyo ɗaya ya ƙare, wani ya taso. Kuma mai hoto ba shi nuna bashin da ke kanshi, sabuwar riga kawai shike nunawa. Babban mutum shina bukatar kwanan awa 7 zuwa 8. Wanda ya rasa su, hankalinshi ba shi kwanciya. A shekara ta 2024 ƙasar Ostareliya har doka ta yi ta hana irin waɗannan dandali ga yaran da ba su kai shekara 16 ba.

Ba mu ce a yar da salula ba. Da ita muke jin kuɗin hatsi da na bisashe a kasuwa, da ita muke gaida ƴan uwa na nesa. Amma gonar da ake nomawa kullum ba hutu gajiya take.

Ga abin da muka shirya da ɗalibin nan:

1. Bayan sallar lisha a rufe intanet.
2. Kada salula ta kwana bisa shimfiɗa.
3. Ran Juma'a babu kallo, sai ziyara.
4. Labarin tsoro, kada a tura sai an tabbatar.

Ya ce kwana 3 na farko hannu na ta neman aljihu. Bayan sati 2 kwana ya dawo, karatu ya dawo.

In damuwa ta ƙi tahiya, a gaya wa na kusa, a je likita. Ba abin kunya ba ne.

Allah shi ba mu lahiya.