Cutar Cushing: Ciwon da Ke Fakewa da Tsufan Kare

Wannan bayani zai duba wata cuta da ke yawan kama karnukan da suka kwana biyu a duniya, wadda likitocin dabbobi ke kira cutar Cushing, kuma wadda ake iya shafe shekara guda ko fiye tana cin jikin dabba ba a gano ta ba, domin kusan kowace alama tata ta yi kama da abin da mai kare zai ɗora wa tsufa. Asalin cutar shi ne yawaitar wani sinadari mai suna kotizol a cikin jini. Kotizol ba guba ba ne, sinadari ne da jiki ke buƙata don daidaita sukarin jini da bugun jini da kuma jure wa firgici ko rauni, kuma wasu gaɓoɓi biyu ƙanana da ke kusa da ƙoda, waɗanda ake kira adirinal, su ne ke samar da shi. Sai dai adirinal ba sa aiki da ra'ayin kansu, umarni suke karɓa daga wata 'yar gaɓa da ke ƙarƙashin ƙwaƙwalwa mai suna fitutari, wadda a jikin kare ba ta wuce girman ƙwayar gyaɗa ba. Idan kotizol ya wadata a jini, fitutari kan sassauta umarninta, idan ya ragu sai ta ƙara. A cikin karnuka 100 masu wannan cuta, kimanin 80 zuwa 85 ƙari ne ya fito musu a fitutari, ya sa take ta aika umarni ba ƙaƙƙautawa, sauran kuwa ƙarin yana jikin ɗaya daga cikin adirinal ɗin ne, kuma kusan rabin irin wannan ƙari na adirinal ciwon daji ne.

Sunan cutar na wani likita ne ɗan Amurka, Harvey Cushing, wanda aka haifa a 1869, wanda kuma ake ɗauka a matsayin ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa ilimin tiyatar ƙwaƙwalwa. A cikin littafin da ya wallafa a 1912 game da fitutari ya kawo bayanin wata mata mai shekara 23, wadda fuskarta ta kumbura, ƙiba ta taru mata a ciki da kafaɗu, hailarta ta ɗauke, gashi kuma ya fito mata a inda bai saba fitowa mace ba. Sai bayan shekara 20, wato a 1932, ya tattara bayanan marasa lafiya irinta ya danganta ciwon nasu da ƙari a fitutari. Abin da ya fi ɗaukar hankali a wannan tarihi shi ne inda ilimin ya faro. A ɗakin gwaji na jami'ar Johns Hopkins da ke birnin Baltimo, kafin ya kai ga fahimtar aikin wannan gaɓa a jikin mutum, karnuka Cushing da abokan aikinsa suka riƙa yi wa tiyata, suna cire fitutari gaba ɗaya ko wani sashe nata, suna lura da abin da zai biyo baya. Karnuka ne suka biya kuɗin wannan ilimi da jikinsu. Daga baya kuma sai ta bayyana cewa cutar ta fi zama tasu fiye da ta ɗan Adam, domin yayin da irin ta fitutari ke kama mutum biyu ko uku kacal cikin miliyan a shekara, ƙiyasin da aka saba ambata ga karnuka shi ne ɗaya zuwa biyu cikin dubu. A 1939, shekarar da Cushing ya rasu, aka fara rubuta bayanin cutar a jikin kare.

Yawanci cutar kan bayyana ne bayan kare ya haura shekara 6, kuma galibin waɗanda ake ganowa suna wajen shekara 10. Alama ta farko, wadda ta fi kowace muhimmanci ga mai kare, ita ce ƙishirwa. Kare mai nauyin kilo 20 kan sha kimanin lita ɗaya ko ɗan fiye a yini, amma idan shan nasa ya zarce lita biyu kullum, fitsarinsa ya yawaita ya tsinke, har wanda ya shekara goma bai taɓa ɓata wurin kwanansa ba ya fara ɓatawa, to akwai dalilin bincike. A ƙasashe masu zafi wannan awo yana buƙatar lura, domin a tsakiyar bazara kowane kare yana ƙara shan ruwa yana kuma haki, saboda haka abin dubawa shi ne ƙishirwar da ba ta sauka ko da damina ta kankama, da hakin da ake ji da tsakar dare alhali gari ya yi sanyi. Sai kuma ci da ba ya ƙoshi, da ciki da ke saukowa ya zama teɓa saboda tsokar ciki ta saki kuma hanta ta kumbura, da ƙafafun baya da ke kasa ɗaukar jiki. Gashi kan zube daidai wa daida a gefe biyu na jiki, ya bar kai da ƙafafu, fata ta yi siriri, kuma a mafi yawan lokuta ba tare da susa ba, abin da ke bambanta shi da ƙazwa, wadda da ita ake yawan rikita shi.

Ƙishirwa, yunwa, haki, teɓa, zubewar gashi. Babu ɗaya a cikinsu da ke sa kare kuka, kuma wannan ne ya sa ake jinkiri. Amma a ƙarƙashinsu kotizol yana raunana garkuwar jiki, yana buɗe ƙofa ga ciwon mafitsara da ƙurajen fata da ba sa jin magani, yana jawo hawan jini da zubar furotin ta ƙoda, wani lokaci da ciwon sukari ko daskarewar jini a huhu.

Akwai nau'i na uku na cutar, wanda hannun mutum ke haddasawa, kuma shi ne ya fi kusa da masu karnuka a wuraren da ake sayen magani ba tare da takardar likita ba. Magunguna irin su deksametazon da firednisolon suna aiki ne a jiki tamkar kotizol, kuma karen gadi ko na farauta da aka ɗauki watanni ana ɗirka masa su don ƙaiƙayi ko ciwon ƙafa zai iya fito da dukkan alamomin da aka ambata, ba tare da yana da ƙari ko ɗaya ba. Maganin wannan shi ne janye ƙwayar, amma a hankali, bisa tsarin likitan dabbobi, domin adirinal da suka daɗe ba su yi aiki ba sukan shanye, kuma tsayar da maganin dare ɗaya yana iya kashe dabbar.

Gano cutar ba abu ne na gwaji ɗaya ba. Ana iya farawa da fitsarin safe da aka tara a gida, inda hankalin karen yake kwance, kuma amfaninsa shi ne idan ya fito daidai to da wuya cutar ce. Sai gwajin da ake yi wa kare allurar deksametazon 'yar kaɗan, a ɗebi jini kafin allurar da bayan awa 4 da bayan awa 8, a ga ko jiki zai rage samar da kotizol kamar yadda lafiyayyen jiki ke yi. Hoton ciki kuma yana taimakawa wajen sanin ko adirinal biyun ne suka girma tare ko ɗaya ce ke ɗauke da ƙari. Ya kamata a yi hattara da ɗokin gwaji, domin duk karen da ke fama da wata rashin lafiya mai tsanani kotizol ɗinsa kan hau, kuma likitan kirki ba ya gwada karen da ba shi da alamomi don kawai wata lamba ta hanta ta ɗaga a takardar jini.

Tarihin maganin ma ta jikin kare ya biyo. A 1949 wasu masu bincike biyu a Amurka, Nelson da Woodard, suna gwada illar wani maganin ƙwari mai suna DDD, ɗan'uwan DDT da aka yi ta fesa wa sauro a wancan zamani, sai suka tarar cewa karnukan da aka ciyar da shi adirinal ɗinsu sun lalace sun shanye. Gubar ta tsallake sauran gaɓoɓi da dama, ta fi yi wa adirinal ɓarna. Daga wannan illa aka tace maganin da ake kira mitotan, wanda aka fara ba mutane masu dajin adirinal, sannan daga shekarun 1970 ya zama babban makamin likitocin dabbobi a kan cutar Cushing. Yana aiki, amma ta hanyar kashe wani sashe na gaɓar, kuma abin da ya mutu da yawa ba kullum yake dawowa ba. Shi ya sa a yau aka fi karkata ga tirilostan, wanda hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta amince da shi don karnuka a 2008, wanda kuma ake sayarwa da sunan Vetoryl. Shi ba ya nufin rushe gaɓar, yana toshe ɗaya daga cikin matakan haɗa kotizol ne na wasu awanni, saboda haka ake ba da shi kullum, sau ɗaya ko sau biyu, tare da abinci, har iyakar rayuwar karen. Ba a buɗe kafson maganin, kuma mace mai juna biyu ba ta taɓa shi.

A nan ne aikin mai kare ya fi na kowa nauyi. Tirilostan ba ya cire ƙarin, kuma manufar ba da shi ita ce karen ya koma shan ruwa da ci da barci irin na da. Ana duba jini bayan kwana 10 zuwa 14 da farawa, sannan bayan wata ɗaya, sai bayan wata uku, daga nan kuma kowane wata uku, amma likitoci da kansu sun yarda cewa lambar jini ba ta da ma'ana sai an haɗa ta da bayanin wanda ke kwana yana tashi da dabbar. Mutumin da ke auna ruwan da ya zuba da safe da wanda ya rage washegari, yana rubutawa, ya fi taimakon likita fiye da wanda zai ce karen dai yana nan yadda yake. Ƙishirwa da haki kan ragu cikin makonnin farko, gashi da fata kuwa sai an yi haƙurin watanni, kuma ƙara yawan magani don gaggawar ganin gashi kuskure ne mai haɗari. Idan kotizol ya faɗi ƙasa da kima, karen zai ƙi abinci, ya yi amai ko gudawa, jikinsa ya mutu, wani lokaci ya zube. Karen da aka sani da haɗama, idan ya juya wa kwanonsa baya, to a dakatar da maganin nan take a nemi likita a ranar. A sake maimaitawa: a dakatar da maganin, a nemi likita a ranar. Haka kuma ba a rage wa irin wannan kare ruwa don gudun fitsari, domin ƙodarsa ba ta iya riƙe ruwan, kuma hana shi sha azaba ce da ke iya kai shi ga bushewa.

Wani abin da ke ba masu karnuka mamaki shi ne tsohon kare ya fara ɗingishi ko susa bayan an fara magani, saboda yawan kotizol ɗin da ma yana danne ciwon gaɓoɓi da ƙaiƙayi, da ya sauka sai suka fito fili, kuma su ma sai an nema musu nasu maganin.

Tiyata na iya warkar da karen da ƙarinsa ke adirinal idan bai bazu ba, kuma a jami'ar Utrecht ta ƙasar Holan an daɗe ana cire fitutari ta cikin baki, sai dai wuraren da ke yin haka ƙalilan ne a duniya. Karnukan da ke kan magani sukan ƙara kimanin shekara biyu a matsakaici, da yawansu kuma wata cutar ce ta tsufa ke ɗauke su. Magani da gwajin suna da tsada, kuma ga mai kare a arewacin Nijeriya wurin da ya fi dacewa a fara tambaya shi ne asibitocin koyarwa na dabbobi, irin na jami'o'in Zariya da Sakkwato da Maiduguri. Inda alamomin ba su tsananta ba, ko inda ba za a iya bin jadawalin gwaji ba, likita na iya zaɓar kula da hawan jini da ciwon mafitsara da fata kaɗai, domin ba da tirilostan ba tare da sa ido ba ya fi rashin ba da shi haɗari.