Ko Kun Sani? Malamin Salamanca da Kogin Kwara

Ko kun san cewa ɗaya daga cikin waɗanda ake kira iyayen dokar ƙasa da ƙasa limamin Katolika ne? Sunansa Francisco de Vitoria, malami a Jami'ar Salamanca ta ƙasar Sifen.

A laccarsa ta 1539 ya ce mutanen da Sifaniyawa suka tarar a nahiyar Amurka su ne masu ƙasarsu, ko da ba Kiristoci ba ne, kuma Fafaroma ba shi da ikon kyautar da ita. Wannan magana ce ta jarumta a zamaninsa. Sai dai ya ƙara da cewa koguna da tekuna na kowa ne, kuma hana baƙo fatauci na iya halatta yaƙi. A nan ya bai wa masu mamaya hujja.

Da irin wannan hujja Taron Berlin na 1885 ya buɗe Kogin Kwara, wanda ya ratsa ƙasar Bagudo, ga jiragen kowace ƙasa, ba a tambayi masunci ko ɗaya ba. A 1898 Ingila da Faransa suka ja iyaka daga Faris: garin Illo na ƙasar Bagudo ya faɗa hannun Ingila, ƙasar Borgu ta rabu biyu.